Wanda Ya Ƙera Shi Ke Fara Shiga

Tun da fasto ya fara matsa wa samarin majami'armu su nemi sana'ar hannu, ba a mako ban ga biyu ko uku sun zo rumfata a kwatar Wara ba, nan bakin ruwa inda jirage ke tsayawa. Su tsaya hannu a aljihu, su dubi jirgin da ke kife, ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa, "Ashe katako ne da ƙusa kawai." Wani ma har ya tambaye ni ko zai iya ƙwarewa kafin Kirsimeti. Na ce masa sosai ma, in dai akwatin gawa yake son koya, don shi kaɗai ne aikin katakon da mai shiga ba ya dawowa da ƙorafi. Bai sake zuwa ba. Ku da kuka rage, ku nemi wuri ku zauna, in ba ku labarin sana'ar nan da mutumin da na rasa a cikinta.

Ni ma abin wasa na ɗauke ta ranar da na sauko daga tudu. Sunana Habila. Mu Kambari ne, daga wani ƙauye a bayan Ngaski, iyayena manoman dawa, kuma kafin in zo Wara ruwan da na sani bai wuce na rafi da na rijiya ba. Kawuna ne ya kawo ni wurin Baba Ishaya, mutumin ƙauyenmu da ya riga kowa saukowa bakin tafki bayan an tare kogi, ya koyi ƙirar jirgin katako a hannun Nufawa. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, magana tana yi masa wuya kamar ana saye.

Aikin farko da aka sake mini shi ne toshe kwale-kwalen wani tsohon masunci daga cikin Sarkawa. Yana yoyo ta tsakanin katako biyu na ƙasa. Na cusa auduga sama-sama, na narka kwalta na malala mata har tana ƙyalli, na koma gefe ina jiran yabo. Baba ya zo ya sa farce a ƙarshen layin, ya ja, sai duk aikina ya biyo hannunsa a zare guda. Bai zage ni ba. Ya zauna ya murza audugar ta zama igiya, ya riƙa kora ta cikin tsagar da kurfi marar kaifi, yana bugu har guduma ta fara dawowa da kanta. Sannan ya shafa kwalta kaɗan, ya ɗora langa-langa, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi kusa da kusa. Da ya gama ya ce, "Kwalta ba ta riƙon jirgi, ɓoye shi takan yi." Maganar da ya yi mini ke nan a wannan yinin.

Kayan aikinmu ba su da yawa: gizago, zarto, guduma babba da ƙarama, kurfi, zare da garin gawayi na ja layi, da tukunyar kwalta da ba wanda ke son ɗauka. Amma aikin ba a hannu yake farawa ba, a katako yake farawa. Maɗaci muke so, ko kawo don haƙarƙarin jirgi, wato sandunan ciki da ke riƙe jikinsa. Kuma ba a saye yau a buga gobe. Sai a jera shi a inuwa, a sa tsinke tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ya ga damina ya ga rani. Ɗanyen katako ranar da aka buga shi ya fi kowane kyau. Rana ta buge shi ya tsuke, layuka su buɗe, ƙusa ta saki. In jirgin babu kaya ba za ka gane ba, don tsagogin suna saman ruwa. Sai an loda shi ya nutsa, sannan tafki ya samu ƙofa.

Yawancin abin da na sani ba Baba ne ya koya mini ba, Yaya Bulus ne. Maraya ne, a gidan Baba ya tashi, kuma da yake Baba 'ya'ya mata Allah ya ba shi, kowa ɗan gidan yake ce masa. Ya girme ni, ya riga ni fara aiki da shekaru. Baba ba ya bayani, sai dai ya karɓi guduma a hannunka ya yi, ya mayar maka. Bulus kuwa zai nuna maka, ya yi maka dariya, ya sake nuna maka. Shi ya koya mini iyo, ta hanyar tura ni daga kan jirgi ina tsaka da cin rogo. Shi ne kuma shugaban mawaƙan majami'armu, murya gare shi da in ya ɗaga a rumfa matan da ke bandar kifi can gefe sukan yi shiru.

Ina tuna wani jirgin shinkafa da muka yi wa mutanen Shanga. Lanƙwasa katakon goshi shi ne inda ake raba kafinta da mai buga benci. Ana hura wutar ƙaiƙayi a ƙasa, ana yayyafa ruwa a sama, a rataya duwatsu a ƙarshen katakon yana sauka a hankali. Ka yi gaggawa ya tsage, ka yi sanyi ya ƙone. Bulus yana tsaye da tafin hannunsa a kan katakon yana rera waƙar Lahadi, sai ya yanke ta a tsakiyar baiti ya ce, "Ya isa, ɗauke dutse guda." Ni ban ji komai ba. Shi ya ji katakon yana shirin kuka tun kafin ya yi. Na yi shekaru ina wannan aiki, na ga hannuwa iri-iri daga nan har Yelwa, ban ga kamar nasa ba.

Yanzu ga abin da ya raba rumfarmu da sauran. Baba yana da doka: wanda ya ƙera jirgi shi ke fara shiga. Ranar da za a sa sabon jirgi a ruwa, maƙerin da kansa zai ja layi a jikinsa ya ce iya nan zai ɗauka. A loda kaya na gaske har ruwa ya taɓa layin. Mai jirgi ya kira malaminsa a yi addu'a, mu ma mu sunkuyar da kai mu yi tamu, kowa ya roƙi Allah da bakin da ya iya. Sannan maƙerin ya shiga ya zauna a ƙasan jirgin, ba a kan benci ba, ya miƙa wa na bakin gaɓa ƙwaryar kwalfe ruwa, a ƙetare da shi har wancan gefe a dawo. In wandonsa ya jiƙe, kowa zai gani.

Abin da zai ba ku mamaki, Baba Ishaya bai iya iyo ba. Mutumin tudu ne har ya mutu. In ya faɗa ruwa dutse ya fi shi dabara. Duk kwatar nan an sani. Kuma kun san tafkin nan, da itatuwan da ya haɗiye suna tsaye a ƙarƙashinsa, da iskar da ke tashi ba sallama. Amma haka yake shiga ya zauna, hannu a gwiwa, fuska a ɗaure.

Sana'armu tana da uzuri fiye da kowace. Jirgi ya yi yoyo, a ce katakon bana ne. Ya buɗe, a ce ƙusar zamani ce. Ya nutse, a ce direba ya cika kaya, ko a ce kwana ne ya ƙare. Kuma abin haushin, kowane ɗaya yana da gaskiya a ciki, shi ya sa yake da daɗin faɗa. Baba ba mai wa'azi ba ne, ko addu'a aka ba shi a majami'a gajeruwa yake yi. Amma wata rana da na ce masa ƙusa ce ta lanƙwashe, ya dube ni ya ce, "Ubangijinmu Yesu ma kahinta na. Ka taɓa jin yac ce katako ya cuce shi?" Wani lokaci kuma yakan ce masu sayen jiragenmu kusan duk Musulmi ne, ba za su taɓa zama a majami'armu su ji abin da muke faɗa ba. Abin da suka sani na bangaskiyarmu shi ne jirgin da suke sa 'ya'yansu a ciki.

Haka muka yi shekaru. Masu albasa na tsibirai, dillalan busasshen kifi, masu ɗaukar fasinja da babura ranar kasuwa, duk rumfarmu suke zuwa, ko da yake sun san ranar Lahadi ko gobara ake ba za a ɗaga guduma ba. Akwai mai son jirgi dogo a kan katakon gajere, akwai wanda zai zauna maka tun safe yana koya maka aikinka. Duk mun iya da su. Da yanar ido ta rufe wa Baba gani, ya tara mu ya ce rumfa ta zama tamu, Bulus ne babba. Muka ci gaba da dokar, kowa yana shiga nasa.

Sai shekarar wahala ta zo. Damina ta yi ƙarfi, iska ta farfasa jirage a kwata da tungayen masunta, gadar da motocin katako ke bi ta karye. Busasshen katakon da muka tara ya ƙare a gyare-gyare. Da hanya ta buɗe, abin da aka riƙa kawowa ɗanye ne sharaf, da wani farin katako mai laushi da ko ƙofar kaji ba na so in yi da shi. Kowa yana neman jirgi, babu abin yi. Gidajenmu kuwa ba su san gada ta karye ba, tuwo suke jira.

Cikin waɗanda suka yi asara akwai Alhaji Garba mai albasa, tsohon abokin cinikin Baba. Iska ta haɗa babban jirginsa da kututture ta raba shi biyu. Ya zo yana son sabo kafin a fara cire albasa a tsibirai. Bulus ya ce masa ya yi haƙuri katako ya bushe. Alhaji ya ce albasa ba ta san haƙuri ba, in ba za mu iya ba akwai masu iyawa a Yelwa. Bulus ya karɓi aikin. Ni a lokacin ina yawon tungaye ina gyaran kwale-kwale, don haka muka raba: shi sabon aiki, ni faci.

Na dawo ana saura 'yan kwanaki a sa shi a ruwa. Tun daga nesa na ga ya yi kyau, shuɗin fenti yana ɗaukar ido. Da na matso sai na ga har cikinsa an shafe, ga kwalta jibge a kowane layi. Mu ba ma shafa wa cikin jirgi fenti sai an gwada shi. Na ƙwanƙwasa gefensa, ya amsa mini da murya irin ta jiƙaƙƙiyar ganga. Na zaro wuƙa na soka a haƙarƙari ɗaya, ta shige kamar a kabewa.

Bulus yana bayana yana wanke hannu da kananzir. Na ce, "Yaya, mi ne ne wanga?"

Ya ce, "Abin da anka samu ke nan. Alhaji ya matsa, ka sani."

"Hwarin katako a haƙarƙari?"

"Kowa haka shika yi bana, Habila. Tai ka duba sauran rumhuna. Rani ɗaya zai yi, in katako ya bushe in sake mashi su. Allah ya san halin da muke ciki."

Na ce, "To, za ka shiga?"

Ya ci gaba da murza yatsunsa. Can ya ce ranar Asabar ɗin akwai babban taron mawaƙa a Yelwa, kuma shi zai ja namu. "Aikin Ubangiji na. In bar aikin Ubangiji don hawan jirgi? Kai ma ba sai ka shiga ba. Baba ya tsuhwa, wagga al'ada ta yi zamaninta."

Taron gaskiya ne, ba ƙirƙira ya yi ba, an daɗe da sa ranarsa. Amma shi ya zaɓa wa Alhaji wannan Asabar ɗin. Wannan ne ya fi yi mini ciwo. Da uzurin katako ya tsaya, da na ce yunwa ce. Sai ya ɗauko majami'a ya shafa a kai kamar yadda ya shafa fentin.

Ban iya tona yayana a gaban Alhaji ba, ban kuma iya yin shiru ba, don 'ya'yan Alhaji biyu ne za su riƙa tuƙa jirgin. Na tafi gidan Baba. Na same shi a gindin bedi, wato dogon yaro, yana tufka igiya da lalube. Na faɗa masa duka. Ya saurara har ƙarshe yana tufkarsa. Sannan ya ce, "Yaushe za a sa shi ruwa?"

"Asabar, Baba, da hantsi."

"Ka zo ka ɗauke ni. Kuma kak ka hwaɗa ma Alhaji komi. Akwai bakin da ya kamata shi hwaɗi."

Ranar Asabar kwata ta cika. An loda buhunan shinkafa da na gishiri har ruwa ya taɓa layin da Bulus ya ja, an ɗaura inji, malam ya yi addu'a. Bulus ya zo cikin fararen kayan mawaƙa, da jakarsa a kafaɗa, don ya miƙa jirgi ya wuce tasha. Yana cikin ba Alhaji haƙurin cewa yau ba zai samu shiga ba, sai ga ni da Baba a kan babur. Baba ya sa rigarsa ta Lahadi. Na riƙe hannunsa har bakin ruwa. Ya shafa gefen jirgin, ya ƙwanƙwasa sau ɗaya. Ya ce a ɗaga shi a sa shi a ciki.

Alhaji ya yi murna ƙwarai. "Baba Ishaya da kanka? Lalle wanga jirgi ya yi goshi."

Baba ya ce, "Jirgin da yah hito rumhwata ba shi ƙetarewa babu ɗayanmu ciki."

Aka ɗaga shi. Ya lallaba tsakanin buhuna ya zauna a ƙasa, ya laluba ya samo ƙwaryar kwalfe ruwa, ya miƙo ta waje. Ni na karɓa. Ɗan Alhaji ya ja igiyar inji ya tashi. Baba ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar Bulus ya ce, "Bulus, tahi abinka kar mota ta bar ka. Ka yi muna waƙa mai daɗi."

Aka kwance igiya. Jirgin ya fara ja da baya, ruwa ya buɗe tsakaninsa da gaɓa. Ina kallon Bulus. Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Sai kawai ya faɗa ruwa da fararen kayansa da takalmansa, ya kutsa har ƙirji, ya kama goshin jirgin da hannu biyu.

Ya ɗaga murya ya ce, "A kashe inji."

Aka kashe. Ya ce, "Alhaji, katakon da anka kawo bana..." sai ya tsaya. Ya sake farawa. "A'a. Ba katako ba na. Ni niy yi. Ɗanye nis sa, haƙarƙarin hwarin katako na, na ruhe da henti don kar a gani. Wanga jirgi ba shi kai tsakiyar ruwa da wanga kaya. Na sani tun ran da nib buga shi. A sauko da Baba."

Ban taɓa ganin fuskar Alhaji Garba haka ba. Ya dubi 'ya'yansa biyu a kan jirgin, ya dubi Bulus. Mutane suka fara hayaniya, wani yana cewa a kai shi wurin hukuma. Alhaji ya ɗaga hannu. Ya ce, "Bulus, na matsa maka, gaskiya na. Amma ban ce ka kashe man ɗiya ba."

Bulus ya ce, "Ba ka ce ba, Alhaji."

Alhaji ya juya ya tafi. Sai bayan kwanaki ya aiko cewa wanda ya shiga ruwa ya tsayar da jirgin, shi yake so ya sake masa shi. A wannan ranin hayar jiragen wasu ya yi, albasarsa da yawa ta ruɓe a tsibiri tana jiran layi.

A hanyar mayar da Baba gida na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, da bai yi magana ba hwa?" Ya ce, "Da ni na yi, tun ba mu yi nisa ba. Ba ni kai ɗiyan mutane ga halaka. Amma da na yi hasarar ɗa." Daga nan bai sake ta da maganar ba, ko da ni ko da kowa.

Bulus ya wargaza jirgin da hannunsa, a nan inda kuke zaune, a gaban duk mai wucewa. Ya hana ni taya shi. Ƙusa ɗaya-ɗaya ya zare. Ranar Lahadi, tun dattawan ikilisiya ba su kira shi ba, ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi, ya ajiye shugabancin mawaƙa. Ya koma bencin baya. 'Yan kwata suka laƙaba masa Bulus Mai Fenti, yara suna kira in ya wuce. Amma in faɗa muku gaskiya, 'yan kwata sun fi namu sauƙi, su dariya suke yi su wuce. A majami'a ne mutanen da na san irin awon da suke yi a kasuwa suka riƙa janye jiki in ya zauna kusa. Sauran rumfunan da suka yi irin aikinsa a shekarar kuwa ba wanda ya kira su da wani suna, don ba wanda ya shiga ruwa ya faɗa.

Sai da shekara ta zagayo katako ya bushe. Ya sake jirgin daga farko, maɗaci da kawo, babu waƙa. Kullum Baba yakan sa a kawo shi rumfa ya zauna yana sauraron guduma. Ba ya cewa komai. Ni na san jin daɗi ne ke kawo shi, don na ga yadda yake gyaɗa kai in bugu ya yi daidai. Bulus kuwa ya ɗauka tsaronsa ake yi. Irin su Baba ba su iya yabon ɗa a gabansa ba, Bulus kuma ba ya iya ɗaga kai ya tambaya. Haka suka yi watanni, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba.

Ranar ƙetarewar farko na bi shi. Ya zauna a ƙasa cikin buhuna, muka ratsa tafki, iska ma ta ɗan taso a tsakiya. Da muka isa wancan gefe ya miƙe, wandonsa a bushe ƙamas. Na yi murna har na rungume shi. Sai ya sauka, ya ɗauki wani ƙunshi da ban lura da shi ba. Ashe matarsa da yara da aka ce sun je ganin dangi, gaba suka yi.

Ya ce, "Ka riƙe rumhwa, Habila. Na gyara abin da nib ɓata. Amma ba ni iya zama gaban idon Baba."

Na ce, "Yaya, Baba ko gani ba shi yi."

Ya yi 'yar dariya. "Shina gani." Ya hau gaɓa ya bi hanyar mota. Na tsaya ina kira, bai waiwayo ba. Ni kaɗai na dawo da jirgin.

Da na faɗa wa Baba, ya ce yaro ne, zai huce ya dawo. Damina ta wuce, wata ta zo. Ya daina zuwa rumfa. In na je gaishe shi, da ya ji takun babur sai ya ɗaga kai, in na yi sallama ya gane ni ne sai ya mayar. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa cewa babu labari ba. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata safiya ya sa 'ya'yansa suka fita, ya kama hannuna ya ba ni saƙo zuwa ga Bulus. Maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji a bakinsa ke nan. Ya sa na maimaita har ya tabbata na riƙe.

Tun daga ranar nake nema. Duk direban da ya zo daga nesa sai na tambaye shi. An ce an gan shi a ƙasan madatsar ruwa, an ce ya gangara kudu inda koguna suka haɗu, an ce ya bar ruwa yana rufin kwano a birni. Sau ɗaya na rufe rumfa na bi wani labari kwana da kwanaki, na tarar da wani Bulus ɗin, tela, mutumin kirki, ya ba ni abinci ya raka ni tasha. Yanzu kowa da waya a aljihu, amma ba wanda ke da lambar yayana. Ina kewarsa. Duk ranar da zan lanƙwasa katakon goshi sai na ji rumfar nan ta yi mini shiru da yawa.

To, ga abin da ya sa na tsare ku da dogon labari. Sana'ar zan koya wa wanda ya iya jira, kuma duk wanda ya ƙera a rumfar nan zai shiga nasa, wannan babu ciniki. Amma na san yawancinku ba za ku zauna ba. Ƙafa gare ku, za ku bi ruwa da hanya ku je inda ni ba zan ƙara zuwa ba. Ni na tsufa, kuma ba na so in je in tarar da Baba da saƙonsa a hannuna. Don haka ku ma ku riƙe shi. In Allah ya haɗa ku da wani tsohon kafinta mai suna Bulus, mai Hausar Yauri a bakinsa, ku gaishe shi da ladabi, ku ce Habila na Wara yana nan da rai. Sannan ku faɗa masa yadda Baba Ishaya ya faɗa:

"Ka ce ma Bulus ban taɓa jin kunyatai ba. Zaman da nika yi rumhwa, daɗin gudumatai nika ji. Ran da yash shiga ruwa da hwararen kaya yab buɗe baki gaban mutane, ran nan nis san na haihu. Ka ce mashi shi zo gida."